Kayan Binciken Laifi Cikin Kwamfuta da Wayar Hannu

Da yawa cikin ƙararrakin da ke zuwa gaban hakimai yanzu, na zamba ko na ɓata suna, shaidarsu tana cikin wayar hannu ko kwamfuta. Sabo da haka ya kamata hakimi da magatakardansa su san yadda masu bincike ke fid da wannan shaida, don kada ta lalace a hannunsu.

In mutum ya share takarda a kwamfuta, galibi sunanta kaɗai ya fita daga jeri, kamar malamin haraji ya soke suna a rajista amma rasit yana nan cikin akwati. Rubutun yakan zauna har a rubuta wani bisansa, ko da yake sababbin wayoyi sun fi wuyar tonowa. Akwai manhajoji, watau kayan aikin cikin kwamfuta, da aka ƙera don wannan tono. EnCase da FTK saye a ke yi da tsada. Sleuth Kit da Autopsy kuwa, waɗanda Brian Carrier ya shirya, kyauta ne.

Mai bincike ba ya aiki bisa ainihin na'urar. Sai ya haɗa ta da wani abu mai hana rubutu shiga, ya kwafe dukan abin da ke ciki, sa'an nan ya fid da hatimin lissafi. Irin wanda a ke kira SHA-256 baƙi 64 ne. Ko harafi guda aka sake cikin kwafin, hatimin duka ya sauya, alƙali ya gane an taɓa shaida.

A shekarar 2005, a garin Wichita na Amurka, Dennis Rader, wanda ya kashe mutum 10, ya aika da faifan kwamfuta yana yi wa 'yan sanda ba'a. Aka tono wata takarda da aka share a ciki, aka ga sunan Dennis da na cocinsa, aka kama shi.

A Nijeriya sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda kotu ta karɓi irin wannan shaida, amma galibi akan nemi takardar tabbatarwa mai bayyana na'urar da yadda aka fid da rubutun.

To, in an kawo waya gaban hakimi, kada ya kunna ta in a kashe take, kada kuma ya bar dogari ko mai gyaran waya ya yi ta latse-latse. Magatakarda ya rubuta ranar, da sa'a, da wanda ya kawo ta, da wanda ya karɓa, kowa ya sa hannu, a liƙe ta cikin ambulan a miƙa wa 'yan sanda.