Faci ba abin kunya ba ne

Duk magidancin da ya leƙa durowar tufafin gidansa bayan wucewar lokacin bukukuwa zai tarar da abin da muke nufi. Ga ankon kamu, ga na ɗaurin aure, ga na walima, ga na sunan da ya biyo baya, kowanne an sa shi sau ɗaya an ninke. Ba su yage ba, ba su koɗe ba. Laifinsu kawai shi ne an riga an ɗauki hoto da su, jama'a sun gani. Kuma kada maza su yi saurin nuna mata da yatsa, domin shaddodin da muke ɗinkawa kowace sallah ba su tsira daga wannan hukunci ba.

A kan irin wannan ɗabi'a manyan kamfanonin tufafi na duniya suka gina kasuwarsu: kaya masu arha, da yayin da ba ya daɗewa. Arhar kuwa akwai mai biyan ta. A shekarar 2013 benen Rana Plaza ya rufta a ƙasar Bangaladash, mutum fiye da 1,100 suka rasu, mafi yawansu masu ɗinka wa shagunan Turai da Amurka kaya ne. An ƙiyasta cewa riga ɗaya ta auduga tana cin ruwa kimanin lita 2,700 tun daga gona har zuwa kanti. Yadin roba kuma daga man fetur ake yin sa, ba ya ruɓewa da wuri idan an jefar.

To, ina kayan suke zuwa idan masu su sun gaji da su? Kaso mai yawa ana ɗaure shi dila-dila a turo mana Afirka da sunan gwanjo, irin wanda muke saye a Kofar Wambai da sauran kasuwanninmu. A kasuwar Kantamanto da ke birnin Akara na ƙasar Gana, masu bincike sun ƙiyasta cewa tufafi kimanin miliyan 15 ke shigowa duk mako, kusan kashi 40 cikin ɗari kuma suna ƙarewa a matsayin shara, su toshe magudanan ruwa, su taru a bakin teku. Amma a cikin wannan kasuwa akwai teloli da marina da suke farke abin da wasu suka yar, su sake yankawa, su rina, su goge, su fitar da sabuwar riga daga tsofaffi biyu ko uku. Da gobara ta cinye mafi yawan kasuwar a watan Janairun 2025, dubban masu irin wannan sana'a ne suka rasa abin yi.

Abin da yau ake yi wa taruka ana kiran sa sabon tunani, Musulmi ya gaje shi tun daga gidan Annabta. Imamu Ahmad ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah (SAW) yakan ɗinke tufarsa, ya gyara takalminsa da hannunsa mai albarka. A cikin Muwaɗɗa kuma, Anas ɗan Malik ya ba da labarin ganin Sayyidina Umar, a lokacin yana Sarkin Muminai, da faci uku a tsakanin kafaɗunsa. Baitulmali na hannunsa, bai ga ƙasƙanci a allura da zare ba.

Sai dai a fahimce mu. Ba kira muke yi a yi yawo da tsumma ba. Aya ta 31 ta Suratul A'araf, wadda ta hana almubazzaranci, ita ce dai ta fara da umarnin yin ado yayin zuwa masallaci. Malamai ma sun yi gargaɗi cewa tufar neman suna iri biyu ce: akwai ta taƙama da tsada, akwai ta yagewa da gangan don a ce wane mai gudun duniya ne. Abin nema shi ne tsafta da kyau, tare da cin moriyar tufa har ƙarshen ƙarfinta.

Iyayenmu mata sun san wannan ba tare da sun shiga aji ba. Zane idan ya tsufa a wajen uwa yakan koma riga ga 'yarta, daga nan ya zama majanyi, sannan gammo, kafin ya ƙare a matsayin tsumman goge-goge. Babbar riga idan ta koɗe sai a kai ta marina, irin ta Kofar Mata a Kano, a tura ta cikin baba, a miƙa wa mabuga, ta dawo tana sheƙi kamar ranar da aka ɗinka ta. Ƙyallayen da tela yake sharewa da yamma kuwa, da su ake haɗa shimfiɗa da cikon matashin kai. Ɗalibin da yake neman sana'ar da zai riƙe kansa da ita yana karatu, ga ta nan, jarinta keken ɗinki ne da buhun ƙyalle.

Saura maganar sadaka, wadda a nan muke yawan yin kuskure. Wasunmu sun mayar da gidan marayu da almajiran unguwa tamkar bolar da ake samun lada. Aya ta 267 ta Suratul Baƙara ta hana mu zaɓo mummunan abin da mu kanmu ba za mu karɓa ba, mu ce shi za mu ciyar. Wannan shi ne daidai abin da muke zargin masu turo mana dilolin shara da shi. Saboda haka kafin tufa ta fita daga gida da sunan sadaka, a wanke ta, a mayar mata da maɓallinta, a kai wa tela ya ɗinke inda ya farke. Wadda ta wuce gyara a bar ta a gida ta yi aikin tsumma. Ankon nan da aka sa sau ɗaya kuwa, shi ya fi cancanta ya fara fita, tun kafin ninki ya cinye shi.