Maikunkele: Wane Harshe Ya Kamata Yaro Ya Fara Karatu Da Shi?

A Maikunkele, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Bosso kuma mazaunin filin jirgin saman Minna, ba abin mamaki ba ne a sami yaro ɗan shekara shida yana gaida kakarsa da Gwari, ya yi ciniki a kasuwa da Hausa, ya tsinci Nufanci a bakin maƙwabta, sannan ya biya karatun Larabci a Islamiyya da yamma. Sai dai idan mahaifinsa, ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke Abuja, ya tashi nema masa makaranta, allon da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne na makarantar da ta kira kanta ta ƙasa da ƙasa, mai alƙawarin Turanci da Faransanci da Larabci tun daga rainon yara har sakandare.

Irin waɗannan makarantu ba baƙi ba ne a Minna. Marigayiya Maryam Babangida ta kafa El-Amin, yayin da gidauniyar Islamic Education Trust ta marigayi Sheikh Ahmed Lemu da mai ɗakinsa Hajiya Aisha Lemu ta kafa New Horizons. Ita kanta Hajiya Aisha, wadda ta rasu a 2019, Baturiyar Ingila ce da ta karanci Sinanci a Landan kafin ta zo Nijeriya koyarwa.

Abin da ke gaban iyaye yanzu shi ne sauyin manufar gwamnati. A watan Nuwamba na 2022, zamanin Ministan Ilimi Malam Adamu Adamu, Majalisar Zartarwa ta amince a riƙa koyar da 'yan firamare da harshen uwa na tsawon shekaru shida. A watan Nuwamba na 2025 kuma, Minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan manufa, aka mayar da Turanci harshen koyarwa a kowane mataki. Hujjarsa ita ce yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da JAMB da NECO, wadda hedikwatarta ke nan Minna.

Masu adawa da matakin suna kafa hujja da gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara duk darussa da Yarbanci, Turanci kuwa ya zama darasi mai zaman kansa a hannun ƙwararren malami. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, kuma sun yi fice a sauran darussa. Dalilin a fili yake: yaro sau ɗaya yake koyon haɗa baƙi da wasali, kuma ya fi saurin kamawa a harshen da yake tunani da shi. Da zarar ya iya, sai ya ɗauki wannan ƙwarewa zuwa kowane harshe.

Saboda haka, kafin uba ya zuba albashin watanni a kuɗin zango, ya dace ya shiga aji da kansa. Ya tambayi sa'o'i nawa ake ba Faransanci a mako, da inda malamin ya yi karatu. Ya duba ko Larabcin na magana da rubutu ne, ko hadda kawai. Ya nemi sanin hukumar da ke shirya jarrabawar ƙarshe. Mafi muhimmanci, ya ji ko ana cin tarar yaro don ya yi Hausa ko Gwari a harabar makaranta.

Wannan tambaya ta ƙarshe tana da nauyi. A 2025 Jamhuriyar Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ta mayar da Faransanci harshen aiki. Yaron Maikunkele da ya iya rubuta Hausa da kyau, ya kuma ƙware a Turanci da Faransanci, zai yi aiki a Yamai kamar yadda zai yi a Abuja. Wanda aka hana shi harshen gida kuwa, da tafinta zai gaida kakarsa ranar Sallah.