SAMUEL BAKER DA FLORENCE: ZAMAN BAƘUNCI DA TAFIYE-TAFIYE A BAKIN KOGIN NILU

Cikin Turawan da suka kutsa tsakiyar Afirka a ƙarni na 19 suna neman inda Kogin Nilu ya samo asali, galibinsu iyalansu suka bari a gida. Amma akwai wani mutumin Ingila mai suna Samuel Baker wanda duk inda ya jefa ƙafa yana tare da abokiyar zamansa, Florence. Shekara 4 suka yi a tafiyarsu ta fari, watau daga 1861 zuwa 1865, sa'an nan suka sake komowa daga 1869 zuwa 1873. Labarinsu ya ƙunshi jaruntaka da haƙuri, ya kuma ƙunshi abubuwan da ya kamata ɗan Afirka ya duba da idon basira.

An haifi Baker a birnin Landan a 1821, a gidan masu sukuni. Ya yi shekaru a tsibirin Silon, wanda ake kira Siri Lanka a yau, yana noma da farauta. Matarsa ta fari ta rasu a 1855, ta bar masa 'ya'ya mata 4. A shekarar 1859, yana yawon farauta a bakin Kogin Danube, ya yada zango a garin Vidin, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Turkawa, yanzu kuwa yana cikin ƙasar Bulgeriya. A nan ya tarar ana cinikin bayi, cikinsu har da wata yarinya 'yar ƙasar Transilbaniya wadda yaƙin 1848 ya mayar da ita marainiya. Baker ya fitar da ita daga hannun masu ciniki, suka ƙetare kogi. Ita ce Florence. Suka zauna a yankin Romaniya inda ya sami aikin kula da shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Danube zuwa Baƙin Teku, bai kuwa sanar da danginsa labarinta ba.

ZAMAN ATBARA

A watan Afrilu na 1861 suka bar Alƙahira cikin jirgin ruwa zuwa Korosko, daga nan suka hau raƙuma suka ratsa hamadar Nubiya har Abu Hamad, suka isa Barbar. Tun a wannan hanya Baker ya lura cewa wanda ya dogara ga tafinta yana hannun tafinta, domin baƙo makaho ne ko da yana da ido. Saboda haka suka yanke shawara su jinkirta babbar tafiyar, su yi shekara guda suna koyon Larabci, suna kuma bin Kogin Atbara da rassansa masu gangarowa daga duwatsun Habasha.

Sun tarar da Atbara a bushe, sai yashi da 'yan tafkuna nan da can. Wata rana da dare a ƙarshen watan Yuni suka ji ƙugi kamar tsawa, kafin gari ya waye kogi ya cika ya tumbatsa. Abin da Baker ya gani a wannan shekara ya tabbatar masa cewa laka mai albarka da manoman Masar ke dogara da ita daga kogunan Habasha take zuwa.

Da damina ta kankama suka gina bukkoki a ƙauyen Sofi suka zauna. Shi ne mai fita farauta ya kawo nama, ya jeme fatu don yin takalma, har sabulu sukan haɗa da kitsen namun daji da toka. Ita kuwa ɗinki da tsaron kaya da kula da ma'aikata suna wuyanta, in an tashi tafiya sai ta sa wando da riga irin na maza ta hau abin hawanta. A garin Galabat, kan iyakar Habasha, sun iske Takari, watau mutanen yamma waɗanda suka fito da niyyar aikin Hajji suka yi kaka-gida a hanya. Wannan hanya ta ƙasa ita ce alhazan ƙasar Hausa da Barno suka daɗe suna bi kafin zuwan jirgin sama.

TAFIYA KUDU

Sun shiga Hartum a watan Yuni na 1862, suka tarar arzikin garin ya rataya ne a kan cinikin hauren giwa da na bayi. A ranar 18 ga Disamba suka tashi da jiragen ruwa 3 da mutum 96, da jakuna 21, raƙuma 4 da dawakai 4. Cikin watan Fabrairu na 1863 suka isa Gondokoro, kusa da birnin Juba na yanzu. Ba su yi mako 2 cikakku ba sai ga Speke da Grant sun ɓullo daga kudu, da labarin cewa sun ga inda Nilu ke fita daga Tafkin Biktoriya. Gwiwar Baker ta yi sanyi, amma Speke ya ba shi taswira, ya ce akwai wani babban tafki a yamma wanda su ba su kai gare shi ba.

A Gondokoro ma'aikatansu suka yi bore, har suka yi wa Baker zobe. Florence tana kwance da zazzaɓi, amma ta taso ta shiga tsakani, ta roƙi a yafe wa jagoran boren idan ya nemi gafara, ƙura ta lafa. Duk da haka mafi yawansu suka gudu, waɗanda suka rage ba su kai 20 ba. Ba yadda za a ratsa dajin da wannan 'yar rundunar, tilas suka bi ayarin wani ɗan kasuwa mai suna Ibrahim, wanda sana'arsa hauren giwa ce da kamun bayi. Florence ce ta fara yi masa magana har aka shirya. Ga mutum mai cewa yana ƙin bauta, ga mace wadda aka fitar daga kasuwar bayi, amma a inuwar masu kamun bayi suka yi tafiya. Mutanen ƙauyukan da ayarin ya ratsa ba su da dalilin bambanta su da abokan tafiyarsu, zama da maɗaukin kanwa kuwa shi ke kawo farin kai.

A ƙasar Obbo ruwan sama ya tsare su watanni. Dabbobinsu suka mutu ɗaya bayan ɗaya, maganin zazzaɓi ya ƙare, gara da ɓeraye suka addabi bukkarsu. Akwai ranakun da dukansu biyu ke kwance, ba mai iya miƙa wa wani ruwa. A watan Janairu na 1864 suka ci gaba a kan takarkarai har suka isa ƙasar Bunyoro, a Yuganda ta yau.

Sarkin Bunyoro, Kamrasi, ya riƙe su yana ta neman kyauta, yau bindiga, gobe agogo. Ranar sallama sai ya ce Baker ya bar masa Florence, shi kuma ya ba shi wata mata. Baker ya zaro ƙaramar bindiga ya auna shi, ita kuma ta miƙe ta zazzaga masa faɗa da Larabci. Sarki ya ce shi bai ga abin fushi ba, a bar maganar, ya ba su 'yan rakiya.

Wajen ƙetare Kogin Kafu a kan ciyawar da ta rufe ruwa, zafin rana ya bugi Florence ta faɗi sumammiya. Kwanaki aka yi ana ɗauke da ita a kan amuku ba ta san inda take ba, da ta farfaɗo kuma sai sambatu har kusan mako guda. Ma'aikata sun riga sun gyara ƙotar diga suna neman busasshen wuri na kabari, sai ga shi ta buɗe ido cikin hankalinta.

A ranar 14 ga Maris 1864 suka hangi tafkin. Baker ya raɗa masa sunan Albert, mijin Sarauniya Biktoriya wanda ya rasu a 1861, ko da yake mutanen wurin suna da sunan da suke kiransa tun kaka da kakanni, watau Mwitanzige. Suka yi kwana 13 cikin kwalekwale suna bin gaɓa, sa'an nan suka shiga kogi har inda ruwan Nilu ke matsewa ta wani tsagin dutse mai faɗin kamar mita 7 ya faɗo ƙasa fiye da mita 40. Wannan ma ya sa masa sunan Murchison, shugaban ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Ingila. A nan wata dorina ta tunkuyi kwalekwalensu, saura kaɗan su kife cikin kadoji.

Komowa ta fi zuwa wuya. Sai a watan Mayu na 1865 suka isa Hartum, bayan annoba ta ɓarke cikin jirginsu ta kashe mutane, har da Sa'at, wani yaro wanda ya yi musu hidima da aminci tun farkon tafiyar.

GIDA DA KOMOWA

Sun isa Ingila a watan Oktoba, aka ɗaura musu aure a Landan ranar 4 ga Nuwamba 1865, ba tare da wani taro ba. A 1866 aka ba Baker lambar girma ta Sir. Amma Sarauniya Biktoriya ta ƙi yarda Florence ta shiga fadarta, domin ta ji cewa sun zauna tare kafin aure.

A 1869 mai mulkin Masar, Isma'il Pasha, ya naɗa Baker gwamnan yankin kudu a kan albashin fam 10,000 a shekara, ya ba shi soja fiye da 1,600, da umurnin ya hana cinikin bayi ya kuma shigar da ƙasashen ƙarƙashin Masar. Florence ta sake binsa. Ciyawar fadamar Sudd ta toshe musu hanya, suka yi hasarar kusan shekara guda, sai a 1871 suka kai Gondokoro. A 1872 Baker ya kafa tutar Masar a Masindi ya ce Bunyoro ta zama tasu. Sabon sarki, Kabarega ɗan Kamrasi, bai yarda ba. Aka gwabza a watan Yuni, Baker da mutanensa suka ja da baya a ƙasa ana yi musu kwanton ɓauna a cikin ciyawa, Florence na tafe tana ɗauke da harsasai. Ganuwar da ya gina a Patiko, kusa da Gulu, har yanzu ana ganin kufanta. Da suka tashi a 1873 cinikin bayi bai mutu ba, Gordon ne ya gaje shi. Kabarega kuwa ya ci gaba da kare ƙasarsa har Ingilishi suka kama shi a 1899 suka kai shi tsibirin Seshel, ya rasu a 1923.

Baker ya rasu a 1893, Florence kuma a 1916, a gidansu na Devon. Littattafansa sun yi farin jini a zamaninsa, amma cike suke da kalaman raini ga baƙar fata, alhali kuwa 'yan ƙasa ne suka nuna masa hanya, suka ɗauki kayansa, suka tuƙa kwalekwalen da ya kai shi inda ya ce ya gano. Littafin da Florence ta riƙa rubuta al'amuran kullum a tafiyarsu ta biyu sai a 1972 aka buga shi. Ɗalibin tarihi da zai karanta su ya kamata ya yaba wa juriyar mutanen nan biyu da riƙon amanar juna, ya kuma tuna cewa tafkin da masuntansa suna nan tun kafin a haife su.