Tsakuwar Birnin Kudu da Lakar Baturiya: Binciken Kufai Kafin a Fasa Dutse

Shirin musamman na wannan mako ya shafi filayen da ake ware wa masu fasa dutse da masu ɗiban ƙasa a Jihar Jigawa, da kuma binciken da ya kamata a yi a cikinsu kafin nakiya ta tashi ko katafila ta kafa haƙori, domin gano abin da mutanen da suka rayu tun kafin zuwan rubutu suka bari. Ilimin da ke wannan aiki shi ne ilimin binciken kufai, wato nazarin rayuwar mutanen da daga tsingaro da gawayi da ƙashi da kayan aikin da ƙasa ta rufe.

Baturiya, da ke Ƙaramar Hukumar Kirikasamma a masarautar Haɗeja, tana tsakiyar fadamar da Kogin Haɗeja ke malala a cikinta duk damina, kuma a shekarar 2008 aka sanya dausayinta, mai faɗin kimanin hekta 101,000, cikin jerin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ta duniya ke karewa saboda ruwa da tsuntsaye. Ƙasar wannan yanki yashi ce da laka waɗanda ruwa da iska suka jibge a kwarin Tafkin Chadi cikin dubban shekaru, don haka babu dutsen da za a fasa a can. Tsakuwar da ake zuba wa hanya da gada da harsashin gini a Haɗeja, tifa ce ke kawo ta daga inda duwatsu suke, irin su yankin Dutse da Birnin Kudu, yayin da yashi da ƙasar ciko da ta bulo ake haƙo su a kusa. Saboda haka aikin hanya guda ɗaya yana cin ƙasa a wuri biyu, kuma kowanne daga cikinsu yana ɗauke da irin tasa shaidar.

A ɓangaren duwatsu shaidar a fili take. A tsakiyar shekarun 1950 Bernard Fagg, jami'in kula da kayan tarihi na wancan lokaci wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya yi nazarin zane-zanen da ke jikin kogunan dutse na Birnin Kudu, a wurare irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, inda aka zana shanu, mafi yawansu marasa tozo, waɗanda suka bambanta da shanun da makiyaya ke kiwo a yankin a yau, abin da ke nuna cewa garken da masu zanen suka sani ba shi ne na yanzu ba. A nan ne kuma ya bayyana wa masana duwatsu masu amo, wato faffaɗan dutse da idan aka buga shi da ƙaramin dutse yakan yi ƙara kamar kuge, wanda gurabun da ke jikinsa ke nuna an daɗe ana kaɗa shi. Daga baya gwamnati ta sanya wasu daga cikin waɗannan wurare cikin abubuwan tarihi na ƙasa. Sai dai dutsen da ke bayar da amo mai kyau, taurinsa ne ya sa yake yin haka, kuma wannan taurin shi ne abin da ɗan kwangila ke nema. Ba lallai ne a fasa kogon da zanen yake ba kafin a yi ɓarna, domin girgizar nakiya daga nesa tana iya ɓamɓare fatar dutsen da launin ke manne da ita, ƙura kuma tana rufe abin da ya saura, dutse mai amo kuwa da zarar ya tsage ko an gusar da shi daga inda ya dogara, muryarsa ta tafi ke nan.

Lamarin fadama ya fi wannan wuyar ganewa, kuma shi ya fi cancantar a tsaya a kansa, saboda a can idon mai wucewa ba ya ganin komai sai gonakin shinkafa da burtali. A shekarar 1987, a ƙauyen Dufuna da ke Ƙaramar Hukumar Fune ta Jihar Yobe a yau, kusa da kogin Komadugu Gana, wanda yake cikin tsarin kogunan da Kogin Haɗeja ke haɗuwa da su kafin su kai Tafkin Chadi, wani makiyayi da ke haƙa rijiya ya ci karo da itace a zurfin kimanin mita 5. Sai a 1994 Peter Breunig na Jami'ar Frankfurt ta Jamus da Abubakar Garba na Jami'ar Maiduguri suka jagoranci tono shi gaba ɗaya, aka ga kwalekwale ne mai tsawon fiye da mita 8, wanda aka sassaƙa daga itace guda. Awon kabon, wato hanyar ƙididdige shekarun abin da ya taɓa rayuwa ta la'akari da raguwar wani sinadari a jikinsa bayan mutuwarsa, ya nuna shekarunsa sun kai kusan 8,000, wanda hakan ya sa ya zama jirgin ruwa mafi tsufa da aka sani a Afirka. Abin da ya adana shi shi ne laka mai danshi da ta hana iska isa gare shi, irin lakar da ke shimfiɗe a ƙarƙashin Baturiya. Mai haƙa rijiya da hannu ya ji itacen ya dakata. Injin da ke cika tifa cikin 'yan mintuna ba zai ji ba.

Rashin dutse a irin wannan ƙasa yana ƙara wa ɗan dutsen da aka tsinta daraja. Lokacin da Graham Connah na Jami'ar Ibadan ya tona tudun Daima a Borno a tsakiyar shekarun 1960, ya tarar mazauna wurin na farko sun dogara da ƙashi wajen yin kayan aiki, duwatsun da suka yi amfani da su kuwa daga nesa aka kawo, har daga tsaunukan Mandara. Bisa wannan, dutsen niƙa ko gatarin aradu da manomi ya tono a fadamar Haɗeja alama ce ta tafiya da musaya, kuma masana na iya gwada irin dutsen su gano inda aka ɗebo shi. Amma wannan yana yiwuwa ne idan an san hawan ƙasar da abin ya fito, domin ƙasa tana taruwa ne hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama, kuma gawayin da ke kwance kusa da abu shi ke faɗin shekarunsa. Tarihin Nok ya isa misali: a 1928 masu haƙar kuza ne suka fara fito da mutum-mutumin yumɓu a Nok da ke kudancin Jihar Kaduna, amma da yake daga cikin ɓaraguzan haƙa aka tsince su, an ɗauki shekaru masu yawa kafin tono na ƙa'ida, irin wanda Fagg ya yi a Taruga a shekarun 1960, ya fara bayyana yadda masu su suka rayu da yadda suka narka ƙarfe.

Binciken da ake nufi ba abu ne mai tsawo ba idan aka kwatanta shi da shekarun da kamfani zai yi yana cin filin. Ana farawa da tambayar bulama da dattawa da manoma da masu haƙa rijiya inda kufai da tsofaffin maƙabartu suke da inda garma ke fito da tsingaro, sannan a taka filin a jere ana rubuta abin da aka gani, a haƙa ƙananan ramukan gwaji, a fadama kuwa a huda ƙasa da bututu a zaro samfurinta domin a karanta hawa-hawanta. Sakamakon yakan ƙare ne a ɗayan hanyoyi uku, ko dai a saki filin, ko a gusar da iyakar haƙa kaɗan, ko a tona abin a adana kafin aiki ya fara.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta wajabta sanar da hukuma idan an ci karo da kayan tarihi, dokar tantance tasirin ayyuka a kan muhalli ta 1992 ta buƙaci a yi nazari kafin manyan ayyuka, dokar ma'adinai ta 2007 kuma ta hana bayar da izinin haƙa a maƙabarta da wurare masu tsarki da wuraren kufai. Raunin yana wajen cewa doka tana kare wurin da aka sani ne, alhali wurin da laka ta binne ba ya cikin kowace taswira, ƙananan ramukan ɗiban ƙasa da ke bin gefen sabuwar hanya kuwa sau da yawa cinikin mai gona ne da mai tifa. Ba daidai ba ne a ɗora laifin a kan talakan da ke fasa dutse da guduma don ciyar da iyalinsa. Nauyin yana kan mai bayar da lasisi da mai bayar da kwangila, waɗanda ke da ikon sanya binciken cikin sharuɗɗa da kuma kuɗinsa cikin kasafi. Masu iya yin binciken suna nan kusa, domin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen da ke horar da masana kufai, masarautar Haɗeja kuma tana da hakimai da dagatai waɗanda labarin abin da aka tono a gona ke fara isa gare su.

Akwai kuma wata asara da ke tafiya ba tare da an taɓa kayan tarihin ba. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 a kan kogunan da ke ciyar da Kogin Haɗeja, ambaliyar da ke jiƙa fadamar ta sauya, kuma duk rami mai zurfi da aka haƙa yana janye ruwan ƙasar da ke kewaye da shi. Itacen da ya yi dubban shekaru a cikin danshi yana fara ruɓewa ne da zarar iska ta same shi, don haka kwalekwale ko turken bukka da ke kwance a gefen ramin na iya lalacewa cikin 'yan shekaru, ko da katafila ba ta kai kansa ba.