Doka: Ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba

Mu fataken hanyar Gadarif zuwa Gallabat ta Doka mu yi hattara da kala-azar, cutar da wani ɗan ƙuda na dazukan aduwa ke yaɗawa. Alamunta zazzaɓin da ya haura mako biyu, rama da kumburin saifa. In ba magani, kisa take yi.

Da ɗigon jini, gwajin rK39 yakan gano sinadaran garkuwa da jiki ya haɗa don yaƙar cutar. Sai dai a Sudan yakan tsallake wasu masu ita. In ya nuna babu kuma zazzaɓi bai sauka ba, mu nemi gwajin DAT. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar kwana 17 maimakon 30. Kada ciniki ya hana mu zuwa asibiti.