Hakiyar da ke dawowa bayan dashen ido

Binciken da mujallar JAMA Ophthalmology ta wallafa a 2016 ya nuna cewa a duniya, cikin mutum 70 masu jiran dashen madubin ido, ɗaya ne kacal ke samu. Abin takaici ne wanda ya taki wannan sa'a ya koma ganin hazo bayan 'yan shekaru, musamman idan tun farko ba a kawar da abin da ya ɓata idon ba.

Wani lokaci gado ne. Akwai zuri'ar da ƙwayar halittarsu mai suna TGFBI ke da tangarɗa, sai furotin ya riƙa taruwa a madubin ido. Likita zai cire madubin ya ɗinka lafiyayye, amma tantanin da ke sake lulluɓe shi daga jikin majinyacin yake tsirowa, shi ne kuma ke ci gaba da zubo furotin ɗin. Sai cutar ta dawo.

A Gwiwa, Roni da Babura na jihar Jigawa kuwa, amodari ya fi cancantar a sa wa ido. Cutar kan bar tabo a cikin fatar ido har gashin ido ya lanƙwashe yana gugar madubi dare da rana. Gugar nan ce ke haifar da hakiya, kuma takan sa furotin da ake kira amiloyid ya taru a wurin. Idan aka yi dashe ba a gyara fatar ba, sabon madubin zai sha wuyar da tsohon ya sha. Ga nisa: a yi wa mutum aiki a babban birni, ya dawo ƙauye, maganin ɗigawa ya ƙare, kuɗin mota ya gagara, zaren ɗinki ya saki babu mai dubawa.

Masu cewa yanar ido ta fi makantar da jama'a, don haka a fara da ita, suna da hujja. Sai dai wannan bai hana kula da wanda aka riga aka yi wa dashe ba.

Gyaran fatar ido ba ya buƙatar babban asibiti, ma'aikacin jinya mai horo na yinsa cikin ƙasa da awa guda, kuma shi ne matakin farko a tsarin yaƙi da amodari na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ya kamata Jigawa ta wadata asibitocin Gwiwa, Roni da Babura da irin waɗannan ma'aikata, su gyara fata kafin dashe, su riƙa duba majinyaci bayansa.