Tuƙi a tsaye kan ruwa: Abin da ya kamata ɗan Arewa ya sani kafin ya yi hayar allo

Daga Gozaki da ke ƙaramar hukumar Ƙafur zuwa bakin tekun Legas tafiyar ɗaruruwan kilomita ce, amma wayar hannu ta rage nisan. Matashin da ya wuni a gonar masara ko auduga a yankin Funtuwa da Malumfashi kan buɗe TikTok da daddare ya ga mutum tsaye ƙyam a kan wani dogon allo, riƙe da filafili, yana ratsa ruwa kamar mai yawo a tsakar gida.

Wasan ya bazu a wuraren shaƙatawa na bakin teku irin su Dubai da Zanzibar, inda baƙo zai biya kuɗin awa ɗaya a miƙa masa allo da filafili. Masu zuwa Legas fatauci ko karatu ko hutu ma suna cin karo da masu ba da hayar kayan wasan ruwa. Abin yana da daɗi kuma yana motsa jiki, sai dai ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Daga ina wasan ya fito?

Salonsa na zamani ya samo asali ne daga gaɓar Waikiki ta tsibiran Hawai a Amurka, inda masu koya wa baƙi hawan raƙuman ruwa suka riƙa tsayawa a kan allunansu da filafili don su hango ɗalibansu da kyau. A farkon shekarun 2000 fitattun 'yan wasa Laird Hamilton da Dave Kalama suka farfaɗo da shi, daga nan ya watsu a duniya. A 2008 hukumar tsaron gaɓar tekun Amurka ta sanya allon cikin jerin jiragen ruwa idan an fita da shi daga wurin wanka, abin da ya wajabta ɗaukar rigar kariya.

Amma tuƙi a tsaye ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sarkawan Kabi da masu fito a kogin Kwara da tafkin Chadi sun daɗe suna tsayawa a bayan kwalekwale suna tura shi da doguwar gora. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 kuma UNESCO ta sanya cikin al'adun gado na duniya a 2016, ana tseren kwalekwale a kogin Matan Fada, masunta kuma na yawo a kan ruwa bisa manyan gorunan duma. Bambancin shi ne ɗan Sarkawa a cikin ruwa ya tashi, kuma akwai Sarkin Ruwa mai sa ido. Ɗan yawon hutu kuwa yau ya fara.

Abin da ake dubawa kafin a biya kuɗi

Allon mai koyo kan kai tsawon mita uku ko fiye, faɗinsa kusan santimita 80. Mai faɗi ya fi zama daram a kan ruwa. Akwai mai ƙarfi kamar katako, akwai wanda ake hura wa iska da famfo. Idan na iska ne, a danna shi da hannu. In ya lotsa, to iskarsa ba ta isa ba ko yana yoyo.

Filafilin ya kamata ya ɗara tsawon mai shi da kamar taƙi ɗaya. Sai igiyar da ke haɗa allon da ƙafa, wadda ke hana shi gudu idan mutum ya faɗa ruwa. A duba ko ta tsattsage. Rigar kariya kuma ta kama jiki sosai, domin wadda ta yi yawa kan zame ta kai wuya.

Yana da kyau a yi ciniki a fili: nawa ne awa, wa zai biya idan allo ya fashe, kuma wa ke tsaye a gaɓa da jirgin ceto. Mai hayar da ya ce babu riga amma "babu komai", a bar masa kayansa.

Yadda ake farawa

Ba a fara wa da tsayuwa. Mai koyo kan durƙusa a tsakiyar allon, daidai inda mariƙinsa yake, ya yi tuƙi kaɗan a ruwa marar zurfi. Idan jiki ya saba sai ya miƙe a hankali, ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ido na kallon gaba. Mai kallon ƙafarsa shi ke saurin faɗuwa.

Faɗuwa kuwa dole ce. Abin da ake so shi ne mutum ya faɗa gefe cikin ruwa, ba kan allon ba, sannan ya kamo allon kafin ya nemi filafili, domin allon ne ke riƙe da shi.

Babban maƙiyin mai tsayuwa shi ne iska, saboda jikinsa kan tare ta kamar zanin shanya. Iskar da ke kaɗawa daga tudu zuwa teku tana kwantar da ruwan gaɓa ya yi kyau a ido, alhali tana tura allo can ciki. Iskar hunturu da ke sauka daga Arewa a Disamba da Janairu, lokacin da aka fi tafiya hutu, haka take kaɗawa idan ta isa gaɓar Legas. Wanda ta fara ja ya kwanta rub-da-ciki a kan allon ya yi tuƙi da hannu, kada kuma ya rabu da shi don ya gwada iyo.

Darasin da ya shafi gida

A watan Oktoban 2021 mutum huɗu sun mutu a kogin Cleddau da ke garin Haverfordwest a Birtaniya, lokacin da jagorar tafiyarsu ta bi da su ta kan wata madatsa bayan ruwan sama mai yawa. A 2025 kotu ta yanke mata ɗaurin shekara 10 da wata shida. Ruwan da ke zubowa daga madatsa yana juyawa ne a ƙasa ya riƙe mutum, kuma a ruwa mai gudu igiyar ƙafa kan maƙale ta zama tarko. Shi ya sa a kogi ake amfani da ta ƙugu, mai kwancewa da ja ɗaya.

Wannan ya shafi Katsina kai tsaye, domin inda babu teku, madatsun ruwa irin su Mairuwa da Gwaigwaye a yankin Funtuwa, da Zoɓe a Dutsin-Ma, su ne manyan ruwayen da ke kusa. Jihar ta riga ta ɗanɗana ɗacin wasa da ruwa. A watan Mayun 2022, cikin bukukuwan ƙaramar Sallah, kwalekwale ya kife da masu yawon Sallah a ƙaramar hukumar Mai'aduwa, aƙalla mutum 15 suka rasu, akasarinsu yara. Watanni kaɗan kafin nan, a ƙarshen Nuwamban 2021, aƙalla mutum 29 sun rasu a madatsar Watari da ke Bagwai a Kano, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi.

Akwai kuma haɗarin da ba ya nunawa nan take. Ruwan madatsa mai kwanciya kan ɗauki ƙananan katantanwa masu yaɗa cutar tsargiya, wadda ƙwayarta ke shiga ta fata. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan shiga irin wannan ruwa ya garzaya asibiti. Ana maganinta da ƙwayar praziquantel.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta sha nanata dokar sanya rigar kariya da hana lodin da ya wuce ƙima. Amma ba kowace gaɓa jami'anta ke tsaye ba. A ranar Sallah a bakin madatsa, ko ranar hutu a bakin teku, uban da ya riƙo hannun ɗansa shi ne zai fara tambayar mai jirgi ko mai allo ina rigar take, kafin ya ciro kuɗi daga aljihu.